Littafin aiki: shel a cikin foldar da aka goge

3 ga Fabrairu

Yau na yi asarar awa ɗaya da rabi a kan abin da ban taɓa zama na fahimta ba, shi ya sa na buɗe wannan littafi. Tagogi biyu na taminal ne a gabana, wato inda ake buga wa kwamfuta umarni a rubuce. A ta hagu nake harhaɗa manhaja, a ta dama kuma ina zaune cikin foldar da sakamakon yake faɗawa. Na harhaɗa, aka ce an gama lafiya, na koma dama na buga `ls` don in ga jerin fayilolin, ba komai. Na sake, ba komai. Na bi saitunan mai harhaɗawa layi-layi ina neman inda fayilolin suka nufa, alhali suna nan daram. Abin da ya faru shi ne mai harhaɗawar yana goge foldar gaba ɗaya, sannan ya kafa wata sabuwa da suna iri ɗaya. Shel ɗina na dama, wato shirin da ke karɓar umarnina a tagar, yana cikin tsohuwar, wadda ba ta da suna kuma. Bai ce mini uffan ba, alamar jiran umarni ma tana nuna hanyar kamar kullum.

Abin da nake so in yi cikin makonni masu zuwa: in gwada yadda shel iri uku, bash, dash da zsh, suke yi idan aka janye musu folda daga ƙarƙashi, in rubuta sakamakon, in kuma haɗa ɗan abin da zai riƙa yi mini gargaɗi.

4 ga Fabrairu

Gwajin farko, da hannu, a Linux da bash:

```
mkdir /tmp/gwaji
cd /tmp/gwaji
rmdir /tmp/gwaji
```

`rmdir` ya yi aikinsa ba gardama, duk da ina ciki. `pwd`, mai faɗin foldar da ake ciki, ya ce `/tmp/gwaji`. `ls` bai fito da komai ba. `touch sabo` ya ƙi, da saƙon `No such file or directory`. `stat .` kuwa ya amsa, ya ba ni lambar inod (lambar da tsarin ke gane foldar da ita) da komai, sai dai adadin mahaɗai, wato sunayen da ke kaiwa gare ta, sifili ne. Wanda ya fi faɗa mini gaskiya shi ne `readlink /proc/$$/cwd`, da ya rubuta `/tmp/gwaji (deleted)`.

Yanzu na ga inda igiyar ta rabu biyu. Kanel, wato zuciyar tsarin Linux, ba suna yake riƙe wa shiri ba, foldar kanta yake riƙewa. Suna rubutu ne kawai a cikin foldar da ke sama. `rmdir` yana share wannan rubutu, amma muddin akwai shirin da ke zaune a ciki, foldar ba ta gushewa daga faifai sai ya fita. Shel kuma a nasa ɓangaren suna ya haddace lokacin da aka yi `cd`, ya ajiye a `PWD`, yana maimaita shi duk lokacin da aka tambaya. Kullum amsoshin biyu ɗaya suke, shi ya sa ba a lura cewa biyu ne.

5 ga Fabrairu

Karatu kawai. Ƙa'idar POSIX, wadda tsare-tsare irin su Linux ke bi, ta faɗi kan `rmdir` abin da na gani jiya: idan wani shiri yana riƙe da folda aka cire mahaɗinta na ƙarshe, ba za a iya ƙirƙirar sabon abu a ciki ba, kuma ba za a kawar da ita ba sai an sake ta. Ta kuma bar wa kowane tsari zaɓi, ko ya yarda a goge foldar da wani ke aiki a ciki, ko ya ƙi da kuskuren `EBUSY`. Linux ya zaɓi yarda.

8 ga Fabrairu

Na fara rubutun gwaji mai sarrafa kansa, na kuwa ci karo da matsala tun a zagayen farko. Na jera umarni goma a shel guda, ɗaya bayan ɗaya, ina ajiye amsar kowanne. A teburin da ya fito, `pwd` na bash ya ba da kuskure, alhali ranar 4 ga wata da idona na ga ya ba da amsa. Na yi zaton hanyar da nake kama saƙonni ce ta lalace, na ɓata yamma guda ina gyara abin da lafiyarsa ƙalau.

Da na buɗe lambar tushen bash, wurin da aka rubuta `pwd`, sai abin ya fito. A jerina `pwd -P`, mai neman ainihin hanyar foldar, shi ne ya riga `pwd` zuwa. Idan `pwd -P` ya kasa warware sunan da bash ya haddace, bash yana zubar da haddar, ya je ya tambayi kanel ta `getcwd`. Kanel ya ce babu. Daga nan bash ba shi da hadda ba shi da amsa, sai ko `pwd` na yau da kullum ya koma faɗin:

```
pwd: error retrieving current directory: getcwd: cannot access parent directories: No such file or directory
```

`echo $PWD` kuma yana nan da tsohon suna. Wato tambayar da na yi ita ta canja halin wanda na tambaya. Dole kowane gwaji ya samu sabon shel nasa: ya shiga folda, a goge ta, ya gudanar da umarni guda, ya mutu. Na sake rubuta komai a kan wannan tsari.

9 ga Fabrairu

Na raba gwaje-gwajen gida biyu, domin halin shel da ya riga ya shiga kafin a goge daban yake da na wanda aka tayar a cikin foldar da ta riga ta tafi. Na farko yana da hadda, na biyu ba shi da komai sai abin da ya gada.

Sakamakon gida na biyu. Bash yana tashi da ƙorafin `shell-init: error retrieving current directory`, sannan ya ci gaba da aiki. Dash, wanda shi ne `/bin/sh` a Debian da Ubuntu, yana cewa `sh: 0: getcwd() failed: No such file or directory`, shi ma ya ci gaba. Zsh bai yi magana ba, sai dai ya ɗauki ɗigo guda, `.`, a matsayin sunan inda yake. Babu ko ɗaya da ya ƙi tashi, kuma ina ganin hakan daidai ne: shel ɗin da ya ƙi buɗewa saboda folda ta ɓace zai hana mutum hanyar da zai bi ya gyara.

12 ga Fabrairu

Ranar sauran shirye-shirye. Git ya tsaya cak: `fatal: Unable to read current working directory`. Python ya jefa `FileNotFoundError` a kan `os.getcwd()`. Node ya kawo `ENOENT` tare da kalmar `uv_cwd`. Java ko tashi bai yi ba, ya ce ba zai iya tantance foldar aiki ba. Abin da ya dame ni a nan shi ne saƙon Python: ya ce babu fayil ko folda, bai faɗi wanne ba. Wanda ya gan shi a tsakiyar dogon rahoton kuskure zai tafi neman fayil ɗin saiti da ya ɓace, ba zai kawo a ransa cewa ƙasar da yake tsaye a kai ce babu ba.

Kan `ls` akwai ɗan tarihi da ya ja hankalina. A siga ta 8.32 ta coreutils (tarin ƙananan umarnin da `ls` ke ciki), wadda ta fito a 2020, an sa `ls` ya riƙa ba da kuskure idan foldar an goge ta. A siga ta 9.0, a 2021, aka janye wannan canji, ya koma yin shiru. Na fahimci dalilin masu janyewa, folda ce da ake iya karantawa kuma babu komai a ciki, to amsar gaskiya ita ce babu komai. Amma da a ce `ls` ya yi magana ranar 3 ga wata, da cikin daƙiƙa biyu na gane.

13 ga Fabrairu

Ba wani ci gaba. Na gyara yadda teburin ke fitowa.

15 ga Fabrairu

Hanyoyin fita. `cd ..` yana aiki a Linux ko da an goge foldar, muddin ta sama tana nan, saboda kanel bai manta uwar da foldar ta fito daga cikinta ba. Idan an goge uwar ita ma, sai a faɗa wata foldar marar suna, kuskuren ya sake dawowa. `cd .` a bash, lokacin da babu folda mai wannan suna, yana ƙorafi ya kuma liƙa `/.` a ƙarshen `PWD`. Idan kuwa an sake kafa folda da sunan, `cd "$PWD"` yana kai mutum cikin sabuwar nan take, domin shel yana miƙa wa kanel cikakken suna a bi shi tun daga tushe. Wannan shi ne maganin abin da ya same ni. `cd` shi kaɗai, wanda ke mai da mutum gida, yana aiki a kowane hali.

18 ga Fabrairu

Na fara rubuta mai gargaɗin. Tunanina na farko: a kowace fitowar alamar jira, a gudanar da `pwd -P`, idan ya kasa a yi gargaɗi. A gwajin gogewa ya yi aiki. A gwajin gogewa da sake kafawa, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na fara wannan aiki, bai ce komai ba.

Wannan ya tayar mini da hankali, don na ɗauka `-P` yana nufin a tambayi kanel kai tsaye. A bash ba haka ba ne. Yana ɗaukar sunan da ya haddace ne ya bi shi yana warware mahaɗan nuni (sunayen da ke nuna wani wuri daban), idan sunan ya kai ga wata folda da ke nan, shi ke nan ya gamsu. Bai duba ko ita ce wadda yake zaune a ciki ba, sai in an kunna masa yanayin POSIX. Sabuwar folda tana amsa sunan tsohuwa, sai ya ce lafiya lau. `/bin/pwd` na coreutils, wanda shiri ne daban ba na cikin shel ba, shi ya faɗi gaskiya: `couldn't find directory entry in '..' with matching i-node`.

Na gwada abu na kusa da wannan, wanda ake yawan yi a kan saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, wajen ɗora sabuwar sigar manhaja: mahaɗin nuni mai suna `yanzu` yana nuna foldar `siga1`, na shiga ta cikinsa, sannan daga wata taga na juya shi zuwa `siga2`. Jikina yana `siga1`. `pwd -P` na bash ya ce ina `siga2`. Wannan ya fi na gogewa haɗari nesa ba kusa ba, domin komai yana aiki: `ls` yana nuna fayiloli, ana iya gyara su a ajiye. Mutum zai gyara saiti a tsohuwar siga, ya sake tayar da manhaja, ya ga ba abin da ya canja. In kuma mai share tsofaffin sigogi ya zo, gyaran ya tafi da su.

Na watsar da `pwd -P`. Awa uku suka tafi yau, amma ba na ganin su a matsayin asara.

19 ga Fabrairu

Tambayar da ya kamata in yi tun farko ita ce: foldar da nake ciki da foldar da sunan ke nunawa, abu ɗaya ne? Akwai gwajin da ke amsa wannan daidai, `-ef`, wanda ke kwatanta lambar na'ura da lambar inod:

```
[ . -ef "$PWD" ]
```

Ya kama duka huɗun: gogewa, gogewa da sake kafawa, canja suna da `mv`, da juya mahaɗi. Na tsaya na yi tunanin ko sabuwar folda za ta iya gadon lambar inod ta tsohuwa ta ruɗe gwajin. Ba za ta iya ba muddin shel ɗina yana riƙe da tsohuwar, domin ba a saki lambar ba tukuna. Yana aiki a bash, dash da zsh, kuma a cikin shel yake, ba sai an tayar da wani shiri ba.

20 ga Fabrairu

Na saka shi a `PROMPT_COMMAND` na bash da `precmd` na zsh, waɗanda ke gudana kafin kowace fitowar alamar jira. Zan yi aiki da shi na 'yan kwanaki in gani.

24 ga Fabrairu

Ɓarna biyu, duka daga hannuna. Ta farko, na rubuta a kan `PROMPT_COMMAND` maimakon in ƙara a kai, sai abin da ke ajiye tarihin umarnina bayan kowane layi ya daina gudana. Kwana uku ban lura ba. Daga bash 5.1 ana iya mai da shi jeri mai ɗauke da umarni da yawa, na koma haka.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Alamar jirana tana yin ja idan umarnin da ya gabata ya kasa. Tun da na saka mai gargaɗin ta daina, saboda aikin da ke sa launin yana karanta `$?`, lambar sakamakon umarnin ƙarshe, bayan nawa ya gudana, sai ya ga sakamakon gwajina maimakon na umarnin. Gyaran layi biyu ne, a ajiye lambar a farko, a mayar da ita a ƙarshe (`bayyana_hali` shi ne aikin da ke rubuta gargaɗin):

```
duba_folda() {
    local s=$?
    [ . -ef "$PWD" ] || bayyana_hali >&2
    return $s
}
```

26 ga Fabrairu

Na nuna wa abokin aikina. Ya ce, "Malam, tun da ka san maganin, me ya sa ba za ka sa shi ya yi `cd "$PWD"` da kansa ba? Gargaɗin na mene ne?" Na ce masa na yi tunanin haka, na kuma ƙi. A ce wani ya yi `mv aiki aiki.tsoho`, ya kafa sabuwar `aiki`. Ni ina cikin tsohuwar, na ga fayilolinta da idona, na shirya share su. Idan shel ya ɗauke ni a ɓoye ya kai sabuwar tsakanin umarni da umarni, `rm` ɗina zai sauka inda ban duba ba. Ya ce to a yi hakan a halin gogewa kawai, tun da babu abin da za a rasa a foldar da ba komai. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban kuma da amsar da ta rushe ta. Duk da haka na bar shi a gargaɗi. Ina so in san cewa wani abu ya goge foldar da nake ciki, don wani lokaci wannan labarin shi ne alamar farko ta cewa wani rubutun umarni yana share abin da bai kamata ba. Shi ya ce zai saka juyawar a nasa, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

1 ga Maris

Maganar `rm` ta sa na bi duk rubutun umarnina ina neman wannan siffa:

```
cd "$wuri"
rm -rf ./*
```

Idan foldar `$wuri` ba ta nan, `cd` zai kasa, rubutun ya ci gaba, sharewar ta auku a duk inda aka tsaya. Na samu wurare uku masu kama da haka, ɗaya a rubutun da ke gudana da dare ba mai kallo. Duka na mai da su `cd "$wuri" || exit 1`. ShellCheck, mai duba kurakuran rubutun umarni, yana kama wannan da lamba SC2164, na saka shi cikin abin da ke duba rubutuna kafin in ajiye.

2 ga Maris

Git. A da, idan kana cikin ƙaramar folda ka koma reshen aikin, wato wata sigarsa, da ba shi da ita, Git yana share ta daga ƙarƙashinka. Daga siga ta 2.35, ta farkon 2022, yana barin foldar da aka kira shi daga ciki ko da ta zama fanko. Na gwada, haka ne. Sai dai kariyar ta tagar da ka buga umarnin ce kawai. Taga ta biyu da ke zaune a wata foldar ba ta cikin lissafi, nan mai gargaɗina ya yi magana.

4 ga Maris

Na leƙa Windows don kwatance. A `cmd`, shel ɗin Windows, ba a ma kai ga wannan matsala, tsarin yana ƙin goge foldar da wani shiri ke zaune a ciki, ya ce wani shiri na amfani da ita. Sun toshe ramin, sun buɗe wani: sai ka bi tagogi kana neman wanda ya riƙe maka folda. Ba zan faɗaɗa aikin zuwa can ba.

7 ga Maris

Na rubuta `bayyana_hali` don ya faɗi wane hali ake ciki, na kuma gina shi a kan zaton cewa idan `getcwd` ya kasa, to an goge foldar. Yau gwaji ya karya zaton. Na maƙala ƙaramin faifai a na'urar gwaji, na shiga ciki, na yi `umount` don in cire shi. Ya ƙi, ya ce `target is busy`, zaman shel ɗina kaɗai ya isa ya hana. Sai na yi `umount -l`, wanda ke cire faifan daga bishiyar sunaye ya bar masu riƙe da shi su gama. Fayilolin suna nan, ina karanta su, ina rubuta sababbi, amma `os.getcwd()` na Python ya ce babu.

Dalili: tun Linux 2.6.36, idan foldar aiki ba ta ƙarƙashin tushen da shirin ke gani, kanel yana mayar da hanya mai farawa da `(unreachable)`. Shirye-shiryen da suka ɗauka duk amsar `getcwd` da `/` take farawa sun ruɗe, har abin ya zama ɓarakar tsaro a `realpath` na glibc (laburaren C da shirye-shiryen Linux ke dogara da shi), mai lamba CVE-2018-1000001. Daga glibc 2.27 aka mai da wannan hali kuskuren `ENOENT`, irin na foldar da aka goge. Kuskure ɗaya, hali biyu, kuma a na biyun gaya wa mutum "an goge" ƙarya ce da za ta iya sa shi ya rufe taga ya rabu da hanyarsa ta ƙarshe zuwa fayilolin da ke raye.

Na koma ga adadin mahaɗai da na gani tun ranar 4 ga Fabrairu. `stat -c %h .` ya ba da sifili, an goge. In ba sifili ba, foldar tana raye, sai saƙon ya nuna abin da `/proc/$$/cwd` ya ce, ya kuma gargaɗi mutum ya kwashe abin da yake so kafin ya fita. Wannan kiran yana tayar da shiri na waje, amma sai gwajin `-ef` ya kasa ake kai wa gare shi, don haka ranar lafiya ba ya cin komai.

8 ga Maris

Na ƙara halin `umount -l` a cikin gwaje-gwaje. Duka sun wuce a bash da zsh.

11 ga Maris

Saura foldar da ke kan wata na'ura ta NFS, wato ana kaiwa gare ta ta hanyar sadarwa. Abu biyu nake son gwadawa. Na ɗaya, idan aka goge foldar daga wata kwamfuta, sabar ba ta san ina riƙe da ita ba, amsar da ke zuwa ita ce `Stale file handle`, wato `stat .` ɗin kansa zai kasa, kuma `bayyana_hali` bai san wannan ba tukuna. Na biyu ya fi damuna: gwajin `-ef` yana taɓa faifai a kowace fitowar alamar jira, idan kuma sabar NFS ta daina amsawa, taɓawar za ta iya maƙalewa, alamar jiran ta maƙale da ita, in rasa inda zan buga `cd` in fita. Na tayar da na'urorin gwaji biyu, ɗaya saba ɗaya mai karɓa. Gobe zan yanke hanyar sadarwa tsakaninsu ina zaune a cikin foldar, in ga ko sai na sa mai gargaɗin ya riƙa tsallake irin waɗannan wurare gaba ɗaya.